Haɗa kayan wutar gida da salula: ina amfaninsa yake a gari irin Maraɗi?

Tambaya: Wani Alhaji ɗan kasuwa, mai yawan zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Kano da Kwatano, ya aiko cewa: "Ina gab da gama gini a unguwar Zariya. Yarona da ke karatu a Yamai ya dage sai an sa mini na'urorin nan da ke haɗa fitilu da kilim da sauran kayan wuta da salula, wai in kunna in kashe daga duk inda nake. Ni kuwa ina ganin kuran ɗin ma bai zauna ba, balle intanet. Shin akwai amfani na gaskiya a ciki, ko kuwa ƙawa ce irin ta yara?"

Amsa: Alhaji, ranku ya daɗe, Allah ya sanya albarka a ginin, ya sa a shiga a sa'a. Amfani kam akwai, sai dai ba a wurin da masu talla suke nunawa yake ba. A talla za ku ga mutum kwance kan kujera yana canza launin fitila da yatsa. Wannan ɗin, gaskiyarku, ƙawa ce. Amma abin da kuka kawo a matsayin hujjar ƙi, wato rashin zaman kuran, shi ne babban dalilin da ya sa nake ba mutane shawara su sa wasu daga cikin na'urorin. Gidan da wutarsa ba ta motsi, na'urar jin daɗi kawai take ƙara masa. Gidan da ake ɗauke wa wuta a dawo da ita ba sallama, dukiya take tsare masa.

Na'urar kanta ba wani abin mamaki ba ce. Makunni ne ƙarami da aka haɗa da ɗan guntun kwamfuta da abin kama wifi. Wani ana cusa shi a soket sannan a cusa kayan a jikinsa, wani ana ɓoye shi bayan makunnin bango, wani kuma yana zama cikin akwatin rarraba wuta na gida. Kuna iya ba shi umarni daga nesa, kuna iya yanka masa lokaci, kuna iya kafa masa sharaɗi: in kaza ya faru, ka yi kaza. Umarni daga nesa shi ne abin da ya burge yaronku, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani, don yana buƙatar ku tuna, ku ciro salula, a samu intanet a can da nan. Sharaɗi da lokaci su ne ke aiki kuna barci, ko kuna tsakiyar ciniki a Kantin Kwari.

Mu fara da firiza, don a nan na fi ganin asara.

Kun san wutar Maraɗi da Damagaram yawancinta daga Najeriya ake jawo ta, ta layin da ya taso daga Katsina. Kowa ya ga abin da hakan ke nufi a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar saboda takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ba ta dawo da ita ba sai a watan Maris na 2024. Ko ba takunkumi, a Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 kowa ya kunna abin da ya mallaka, wuta takan yi rauni, ta ɗauke, ta dawo. Ɗaukewa mai tsawo ba ita ce ke kashe injin firiza ba. Mai kashe shi ita ce ta ƙiftawar ido: a ɗauke, kafin ku laluɓo tocila an maido. A cikin ƴan daƙiƙun nan iskar gas da ke cikin bututun firizar ba ta kwanta ba, matsinta yana nan da ƙarfi a gefe guda. Injin ya yunƙura zai tashi, ya kasa. In kuna kusa za ku ji yana gurnani ƙasa-ƙasa, can ku ji "ƙyas", abin kariyarsa ya yanke. Jim kaɗan ya sake gwadawa. Duk gwaji ɗaya yana jan wuta ninki da yawa fiye da yadda yake ja in yana tafiya daidai, wayoyin da aka naɗe a cikinsa suna ɗaukar zafi. Yau da gobe sai ya ƙone, a ce firiza ta mutu haka kawai.

Maganinsa jinkiri ne. A kafa wa soket sharaɗi cewa in wuta ta dawo ya dakata minti 3 zuwa 5 kafin ya saki wa firiza. Akwai kuma masu auna ƙarfin wutar da kansu: tamu bolt 220 ce, to in ta faɗi ƙasa sosai ko ta yi tsalle sama, sai su yanke har ta daidaita. A lura, yankewa kawai suke iyawa, ba sa ƙara wa wuta mai rauni ƙarfi. Wannan aikin na'urar daidaita wuta ne, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Zan gaya muku abin da mai sayarwa ba lallai ya gaya muku ba: wannan jinkirin, akwai ɗan akwatin kariyar firiza mai araha da ke yinsa, ba wifi ba salula. In jinkiri kaɗai kuke so, shi za ku saya. Abin da haɗawa da salula ya ƙara shi ne labari. Ana jefa ɗan abin auna sanyi cikin firizar, in sanyinta ya fara gudu saƙo ya shigo muku. Ga wanda ya ajiye naman layya ko ya cika ta da kaji sannan ya kama hanya, wannan saƙon yana nufin ya kira gida a tada janareto ko a kwashe kayan zuwa maƙwabta, maimakon ya dawo ya tarar da wari. Su kuwa matan da ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo da lamurje, musamman in azumi ya faɗo a bazara, firizar ce jarinsu gaba ɗaya.

Wani saiti da mutane ba sa kula da shi, ni kuwa shi nake fara dubawa: me na'ura za ta yi in wuta ta dawo? Yawancinsu suna ba da zaɓi, ko ta kunna, ko ta zauna a kashe, ko ta koma yadda take kafin a ɗauke. Ku tuna da yarinyar da ke guga aka ɗauke wuta, ta ajiye dutsen a kan tufa ta fita tsakar gida shan iska, ta manta. Gobara da dama haka take farawa. Soket ɗin guga da na abin dafa ruwa, a sa su zauna a kashe har sai hannu ya taɓa su. Sannan a jera wa manyan kaya lokacin tashi: firiza bayan minti 3, firigo bayan 5, injin ruwa bayan 10. In duka suka tashi a daƙiƙa guda, jan da suke yi tare yakan faɗar da babban makunnin gida, ko ya durƙusar da janareto.

Sai ruwa. Gidan da ke da shato a sama, da wuya a ce bai taɓa ambaliya ba. A kunna injin bayan la'asar, a shiga wata hidima, sai an ji ruwa na zuba ta bayan katanga maƙwabci yana ƙwanƙwasa ƙofa. Ruwan ya tafi, wutar da ta ɗaga shi ta tafi, ginin kuma yana shan laima. Abu na farko a nan shi ma ba na salula ba ne: balan-balan ɗin nan mai iyo da ake sakawa cikin tanki, in ruwa ya cika ya yanke injin. Kada wani ya sayar muku da abin intanet a madadinsa. Na'ura mai wayo tana zuwa ne a bayansa, ta yi abin da shi ba ya iyawa. Za ta iya kashe injin da kanta bayan minti kaza ko da balan-balan ɗin ya maƙale. Mai auna wuta kuma yana gane in injin yana juyawa babu ruwa, domin injin da ba ya ɗaga komai wutar da yake ja raguwa take yi. Da ta ga haka ta yanke kafin ya ƙone. Mai rijiyar burtsatse da ruwanta ke ja baya a ƙarshen rani ya san kuɗin ciro injin daga ƙasa a kai gyara.

Ga masu garka a wajen gari, irin su Jiratawa ko bakin gulbi, inda babu wifi, akwai makunni mai cin layin salula. Ana sa masa kati, a aika masa gajeren saƙo ko a buga masa kira, ya kunna injin ban ruwa ko ya kashe. Ba ya neman intanet ko kaɗan. A ganina wannan ya fi yawancin abubuwan da ake tallatawa dacewa da ƙasarmu.

Yanzu batun kuɗin wuta, inda aka fi yi wa mutane romon baka. Na'urar ba ta rage cin wutar kowane abu. Kilim mai jan wat 1,200 zai ja 1,200 ko da salula aka kunna shi. Ita kanta ma tana ɗan ci, wajen wat ɗaya dare da rana, wanda a wata bai kai kilowat-awa ɗaya ba. Ba komai ba ne a kan kilim, amma in kun sa ta a kan ƙwan fitila mai wat 7 da ake kunnawa awa biyu, abin da take ci ya ma fi abin da fitilar kanta ke ci. Tanadin yana fitowa ne daga wuri biyu: ta rage awannin da abu ke aiki a banza, kuma ta nuna muku wanda ke cin wutar.

Wannan na biyun, nunawar, shi na fi daraja wa. Mita jimla take ba ku, ba ta ce muku wane ne ya ci. Magidanci ya ga kuɗi sun hau, sai ya bi yara da faɗa a kan fitila da cajin salula, alhali duk fitilun gidan a haɗe ba su kai rabin abin ɗumama ruwan wanka ba, wanda ke jan wat 1,500 zuwa 2,000. Ku sayi soket guda mai awo, ku bar shi mako ɗaya a jikin kowane babban abu, ku duba. Na sha ganin tsohuwar firiza da robar bakinta ta saki, injinta ba ya hutawa sam. A manhaja za ku ga layin cin wutarta miƙe dare da rana, alhali lafiyayya takan tashi ta huta, ta tashi ta huta. Canza roba kawai ya wadatar. Haka abin ɗumama ruwa da ake bari kunne tun farkon hunturu har ƙarshensa, yana ɗumama ruwan da ba mai wanka da shi. A ba shi awa guda kafin asuba, ya isa. Kuma a gidan da ake tarayya a mita ɗaya, ƴan haya ne ko sassan iyali, awon nan yakan kashe gardamar da ta daɗe tana ci, ko da yake lissafin cikin gida ne, kamfanin wuta mitarsa kawai ya sani.

Kilim shi ne babban maciyi, kuma a kansa ne lissafin ya fi fitowa fili. Yawancinmu mukan sa shi a 18 lokacin kwanciya saboda ɗakin ya wuni yana shan rana, sai can tsakar dare a jawo bargo, shi kuma yana ta aiki har gari ya waye. Akwai ƴar na'ura da ke kwaikwayon rimot ɗinsa. Sai a tsara mata: 24 da kwanciya, 27 wajen ƙarfe biyu, ta kashe shi da kiran sallar farko fanka ta karɓa. A ce awa 3 kuka rage kowane dare a kan mai wat 1,200, a kwana 30 kilowat-awa 108 ke nan a kan takarda. A zahiri zai gaza haka, don injin kilim yakan huta da kansa in ɗaki ya yi sanyi, amma ku ninka ko da rabin adadin da farashin da ke kan takardar kuɗin wutarku, sannan ku ninka da yawan ɗakunan, za ku ga na'urar ta biya kanta tun bazara ba ta fita ba. Aibinta ɗaya: magana take yi ba ta jin amsa. In wani ya gifta ko labule ya tare ta, za ta nuna muku ta kashe alhali kilim na nan yana aiki. A kafa ta inda take kallonsa kai tsaye. Kuma kada a riƙa kashe kilim ta hanyar yanke masa wuta a soket, a bar shi ya tsaya ta hanyarsa.

In kuna da niyyar sa sola, to a nan ne abin ya tashi daga jin daɗi ya koma larura. Rana muna da ita har ta yi yawa. Batir ne mai tsada, kuma shi ne mai saurin mutuwa. Daga wajen sha ɗaya na safe zuwa uku na yamma, sau da yawa batir ya cika, allunan suna iya ba da wuta babu mai karɓa. Da dare kuma a ɗora wa batir injin ruwa da firiza da guga. Batir na dalma irin wanda aka saba, in ana yawan zuƙe shi ƙasa da rabi, kwanansa gajeruwa suke. Na litiyom ya fi juriya amma kuɗinsa ba wasa ba. Tsarin lokaci yana juya wannan: a cika shato da tsakar rana, firiza ta yi ƙanƙararta da rana, da dare ta riƙe sanyi da ɗan aiki kaɗan. A kuma kafa sharaɗi cewa da gida ya koma kan batir, manyan kaya su sauka da kansu a bar fitilu da fanka da firigo. Da baki ana iya cewa "in an ɗauke wuta kowa ya kashe kilim", amma gidan mutum goma sha biyar, ƙarfe uku na dare, wa zai tashi?

Fitilu ba zan daɗe a kansu ba. Na waje, na ƙofar gida da na katanga, yana da kyau su kunna kansu da magariba su mutu da safe; na'urar tana bin faɗuwar rana, wadda a nan takan matsa da kusan awa guda tsakanin Disamba da Yuli. Ko ɗan abin jin haske mai araha ma yana yin wannan. Ƙwan fitila mai wifi a cikinsa kuwa ba na ba da shawararsa: da wani ya kashe makunnin bango ya zama kurma, wasu kuma in wuta ta dawo tsakar dare sai su haske ɗaki tar. In za a yi, a sa wayon a makunnin bango, ƙwan ya zama na kowa da kowa. Inda na ga fitila ta yi rana sosai shi ne ɗakin tsofaffi. Akwai maɓalli mai ɗan batir, ba waya, ana manna shi a gefen gado. Hajiya mai ciwon gwiwa ta danna, fitilar ɗaki da ta hanyar makewayi su kama, ba ta laluben bango cikin duhu. Masu karɓar umarni da murya irin su Alexa suna jin Faransanci da Turanci, ba sa jin Hausa, don haka ga iyayenmu maɓalli ya fi.

Ta fuskar tsaro, ɗan abin da ake mannawa a ƙofar kanti ko sito ya aiko saƙo in an buɗe, ya dace da mai tafiye-tafiye irinku. Na'urar jin hayaƙi da ta jin yoyon gas sun fi kyamara muhimmanci, ko da yake ba su kai ta farin jini ba. Ta gas a sa ta ƙasa-ƙasa kusa da tukunyar, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Ta hayaƙi kuma a sama. A zaɓi masu ƙara da kansu, saƙon salula ya zama ƙari.

Kyamara kuwa, Alhaji, a yi hattara. A ƙofar gida da gareji da kanti, babu laifi. Cikin gida inda iyali suke sakewa, ban yarda ba, ko da ku kaɗai kuke kallo, domin hoton da ya hau intanet ya bi ta kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa kafin ya iso salularku. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da makamantansu a faɗin duniya, ba da wata dabara mai zurfi ba, kawai don masu su ba su canza kalmar sirrin da aka sayar da su da ita ba. A canza kalmar tun ranar farko, a sa mai ajiye hoto a kati cikin gida, a kuma sanar da mutanen gida inda take kallo. Kyamara ce kuma mai shan kuɗin intanet. Makunnai da soket abin da suke aikawa bai taka kara ya karya ba. Makullin ƙofa mai buɗewa da salula ban cika son sa a babbar ƙofa ba: batirinsa ba ya son zafinmu, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. In an sa, ya zama mai ramin mabuɗi.

To, tambayarku ta intanet. Tana kan hanya, don a nan ne yawancin masu araha suke da rauni. Da yawa daga cikin waɗanda ake samu a kasuwa suna aiki da manhajar Smart Life ta kamfanin Tuya, ko eWeLink ta kayan Sonoff. Umarni daga nesa yakan bi ta kwamfutocin kamfanin, don haka in intanet ya yanke wannan ɓangaren ya tsaya. Wasu suna ajiye jadawalin lokaci a cikinsu su ci gaba da bi, amma in wuta ta ɗauke ta dawo babu intanet, akwai waɗanda agogonsu ke ɓacewa har sai sun sake samun layi. Kamfanin ma yana iya rufewa: a Afrilun 2022 wani kamfanin Amurka mai suna Insteon ya kashe kwamfutocinsa ba sanarwa, masu kayansa suka wayi gari manhaja ba ta aiki, sai daga baya wasu daga cikin masu amfani da kayan suka saye shi suka farfaɗo da shi. Shi ya sa gwajina ɗaya ne kafin a sayi da yawa: a haɗa guda, a zare intanet daga akwatin wifi, a kashe wuta a maido, a ga me ya rage yana aiki. Kuma duk abin da aka haɗa, dole makunnin hannu ya ci gaba da aiki. Gidan da sai da salular maigida ake kunna fanka, an cuci mutanen cikinsa.

Akwai hanyoyin rage dogaro da waje. Akwatin wifi ba ya cin wuta sosai, a ba shi ƙaramin batir nasa don saƙon "firiza ta ɗumama" ya samu fita lokacin da wutar ta ɗauke, wanda shi ne lokacin da ake buƙatarsa. Ga gida babba mai katangun siminti da sassa da yawa, wifi ba ya kaiwa ko'ina, kuma yawancin waɗannan kayan zangon wifi mai lamba 2.4 kawai suke kamawa. A nan tsarin Zigbee ya fi, don na'urorinsa da ke jone da wuta suna miƙa wa juna saƙo daga ɗaki zuwa ɗaki. Tun 2022 kuma akwai ƙa'idar Matter da manyan kamfanoni suka amince da ita don kayan wannan su yi magana da na wancan cikin gida. Mai son komai ya zauna a hannunsa yana iya sa manhajar Home Assistant a ƙaramar kwamfuta, sai dai tana son mai kula; in yaronku yana Yamai, ku tambayi kanku wa zai gyara ranar da ta rikice. Wani abu kuma: asusun manhajar a buɗe shi da lambarku, ba da ta mai haɗawa ba. Na ga gidan da mai haɗawa ya bar gari, iyali suka rasa ikon canza ko da lokacin fitila, sai da aka goge komai aka sake daga farko.

Wajen saye, araha ba ta ado. Soket mai rubutun ampiya 10 iyakarsa wajen wat 2,200 ne, mai 16 wajen 3,500, kuma wannan ga mai gaskiya ke nan, a cikin sanyi. Abu mai inji, kilim ko injin ruwa, yana fizgar wuta lokacin tashi, don haka ba a ɗora shi kai tsaye a kan ƙaramin makunni. A sa kontakta, wato babban makunni mai jure wuta da yawa, a tsakani, ƙaramin ya ba da umarni, babban ya ɗauki nauyi. Bayan awa guda ana aiki ku taɓa soket ɗin. In ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, a cire. Tunda kuna zuwa Kano, ku tuna na can ƙafa uku ne masu kusurwa irin na Ingila, namu kuwa masu zagaye ne irin na Faransa, kuma ɗora babban kaya a kan abin sauya ƙafa hanyar narkewa ce. Wanda aka yi don Amurka a duba jikinsa, in bolt 120 kaɗai aka rubuta ba namu ba ne. Firigo mai allon talabijin a ƙofa da injin wanki mai aiko saƙo, ku bar su inda kuka gan su. Murhun lantarki da dutsen guga kuma ba a taɓa ba su damar kunnawa daga nesa, kashewa kawai.

Sa'arku ɗaya, ginin bai ƙare ba, kuma abin da ya fi tsada a gyara daga baya shi ne abin da ke cikin bango. Ko ba za ku sayi na'ura ko guda bana ba, ku kira mai wayarin kafin a yi shafe. Ya kai wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, cikin kowane ramin makunni, don a al'ada wayar wuta kaɗai ake kaiwa, yawancin makunnai masu wayo kuwa ba sa aiki sai da duka biyun. Ya kuma sa ramuka masu zurfi da za su ɗauki ƙarin na'ura. Ya raba layin manyan kaya da na fitilu da fanka tun daga akwatin rarrabawa, kowane kilim da layinsa, ya bar gurbi a akwatin. Ya binne sandar ƙasa ta gaske, ya sa abin kare tsawa, saboda hadarin damina ba ya barin ƙananan kwamfutocin nan da rai. Ya ja bututu fanko zuwa shato da zuwa ƙofar gida. Akwatin da zai zauna a waje kuma kada ya fuskanci rana, ya zama mai rufuwa da kyau saboda ƙura. In ya ce muku wayar nutural ɗin ɓarnar kuɗi ce, ku ce masa kun ji, ya ja ta duk da haka.